Kantin makarantar ƙauyenmu: abin da ya iya da abin da ya kasa a shekarar korona

Shirin ciyar da ɗalibai a makarantun firamare, wanda a ƙasar Damagaram kowa ke kira kantin, yana cikin ayyuka ƙalilan da talakan ƙauye ke ganin amfaninsu da idonsa ba sai an zaunar da shi an yi masa dogon bayani ba. Shi nake so in auna a wannan rubutu, bisa abin da na gani a makarantar ƙauyenmu da ke kan hanyar Mirya, inda ƴaƴan ƙannena ke karatu, ni kuma nake cikin kwamitin iyaye da malamai da ake kira kojes, ko da yake zamana a cikin birnin Zinder yake. Hukuncina shi ne kantin aiki ne da ya cancanci kowace dala da ake kashewa a kansa muddin ƙofar aji tana buɗe, amma an ɗaure shi da wannan ƙofa ɗauri mai tsanani, har ya zama duk ranar da aka rufe ta, yaro ya rasa karatu ya kuma rasa abinci a tashi ɗaya. Shekarar 2020 ta fito da wannan rauni fili, kuma a kansa ya kamata a yi wa aikin hisabi.

A ranakun da komai ke tafiya daidai, matan da ke girki kan iso tun kafin rana ta ɗaga, su hura wuta a ƙarƙashin rumfar kara da ke bayan azuzuwa, su dama kunun da yara za su sha da hantsi, sannan su ɗora babbar tukunya ta abincin rana. Mafi yawan lokuta shinkafa da wake ne da mai da gishiri, wani lokaci tuwon hatsi da miyar kuka. Man da ake kawowa an ƙara masa bitamin A, gishirin kuma mai aidin ne, abubuwa biyu da ba lallai ba ne a same su a kayan da uwa ke saye a kasuwar ƙauye. Kayan abincin suna kulle a mangaza, wato ɗakin ajiya, makulli ɗaya a hannun daraktan makaranta, ɗaya a hannun wakilin kojes, kuma duk tiyar da aka auna da safe sai an rubuta ta a littafi. Iyaye ne ke kawo itace da ruwa, kuma a yankin da mace kan yi tafiya mai nisa da jarka kafin ta samu na shan gidanta, wannan gudummawa ba ƙarama ba ce, ko da yake ba kasafai ake lissafa ta ba idan ana faɗin kuɗin shirin.

Idan lokacin ci ya yi, yara kan jeru su wanke hannu da buta, sannan su kewaye tasa biyar-biyar ko shida-shida, manya daban, ƙanana daban, domin kada masu saurin loma su cinye wa ƴan aji ɗaya. Wannan tsari na raba su bisa shekaru matan girkin ne suka fito da shi da kansu, kuma yana cikin abubuwan da suka fi burge ni. Wanda ya tsaya ya lura zai ga wasu ƴan mata suna cin rabin rabonsu, su ƙulle saura a leda ko a bakin kallabi, su kai wa ƙannensu a gida. Malamai sun san da haka kuma ba su hanawa, domin sun san gidajen da yaran suka fito.

Akwai abubuwan da ban gamsu da su ba ko a waɗannan ranaku masu kyau. Abincin yana cika ciki amma ba ya sauyawa, ganye kaɗan ne a cikinsa, madara da nama da ƙwai kuwa ba a maganarsu, alhali zogale da yakuwa da kabewa suna fita a ƙasarmu. Kayan kan yi jinkirin isowa a farkon shekarar karatu, sai a buɗe makaranta a watan Oktoba tukunya ba ta hau wuta ba har tsawon makonni, kuma a waɗannan makonni azuzuwa kan kasance rabi-rabi. Matan da ke girki suna shan hayaƙi yini guda a kan murhun duwatsu uku, abin da ake ba su kuma bai kai wahalarsu ba. Duk da haka, da za a tambaye ni maki a kan aikin kantin a ranar da makaranta ke buɗe, da na ba shi mai yawa ba tare da shakka ba.

Dalilin wannan maki yana cikin halin da yaran yankinmu ke ciki. Binciken abinci mai gina jiki da ake yi a Nijar ya sha nuna cewa fiye da yara huɗu cikin goma ƴan ƙasa da shekara biyar tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma jihohin Zinder da Maradi ne kan kasance a sahun gaba a wannan matsala. Kantin ba ya gyara tsumburewar da ta riga ta kama yaro, domin ita tun yana ciki zuwa cikarsa shekara biyu take aukuwa, amma yana hana yaron da ya riga ya taso da rauni ƙara durƙushewa, yana rage masa ƙarancin jini, yana kuma ba shi ƙarfin zama a aji har azahar. Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba, wato duk kwanon da ɗan makaranta ya ci a waje ragi ne ga tukunyar gida, sai abin da ya rage ya ishi na goye da wanda aka yaye da uwar da ke shayarwa. Wani abin lura kuma shi ne, yaro ɗan shekara takwas ko goma ba shi da wata ƙofa ta biyu. Awon damtse da ake yi a likita, da biskit ɗin gyaɗa da ake bai wa masu tamowa, duk na ƴan wata shida zuwa shekara biyar ne. Wanda ya wuce wannan shekaru, kantin ne kaɗai wurin da wata hukuma ke tunawa da cikinsa.

A wannan hali ne aka rufe makarantun Nijar baki ɗaya daga ranar 20 ga Maris na 2020, kwana ɗaya bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Yamai. Ba na cikin masu ganin laifin hukuma a kan wannan mataki, domin a lokacin kusan duniya duka haka ta yi, kuma ba wanda zai so a tara yara ɗari a ɗaki ɗaya ana cikin annoba. Sai dai lokacin da rufewar ta faɗo lokaci ne mai wuya ga gidan manomi. Ƙarshen Maris rumbuna sun fara nuna ƙasa, zafin bazara ya kankama, rijiyoyi sun ja baya, azumi kuma ya shigo a ƙarshen Afrilu da nasa kashe-kashen kuɗi. A lokacin, iyakar Najeriya a rufe take tun watan Agusta na 2019, abin da ya riga ya karya cinikin dabbobi da wake da mutanen Magarya da Matamai da Dungas suka dogara a kai, sannan dokokin hana zirga-zirga suka tsayar da ƴan ci-rani, wanda ke Kano ko Agadez ya kasa aiko da komai. A daidai wannan lokaci jihohin arewacin Najeriya suka shiga mayar da almajirai garuruwansu, wasu yaran ƙauyenmu da ke can suka dawo. Bakunan da ke jiran tuwo suka ƙaru, tiyar hatsi ta hau, abincin rana na ɗan makaranta kuma ya ɗauke.

Abin da ya same mu ya sami ƙasashe masu yawa. Hukumar Abinci ta Duniya, wadda a nan aka fi sani da PAM, ta ƙiyasta cewa a watan Afrilu na 2020, lokacin da rufewar ta kai ƙololuwa, yara kusan miliyan 370 ne suka rasa abincin makaranta, kuma rahoton da ta fitar tare da UNICEF a watan Janairu na 2021 ya ce kwanon abinci fiye da biliyan 39 ne yara suka rasa tun daga farkon annobar. Ga yaron ƙasa mai arziki wannan rashi na iya zama sauyin wurin cin abinci kawai, amma ga yaron ƙauyen Damagaram sau da yawa shi ne abinci ɗaya tak mai mai da wake da yake samu a yini.

Abin da aka kawo a madadin tukunya shi ne rabon ɗanyen abinci, wato a auna wa kowane ɗalibi shinkafa da wake da mai da gishiri, uwarsa ko waliyyinsa ya zo ya karɓa ya kai gida. A nan nake so in daɗe, domin wannan shi ne gwajin gaskiya na aikin. Farkon abin da zan faɗa shi ne an yi jinkiri. Kayan da suka rage a mangaza suna nan a kulle tun ranar da aka sallami yara, darakta yana tsoron taɓa su ba da izini ba, masu ba da izinin kuma suna jiran nasu umarnin daga sama, sai aka kwashe makonni abinci yana ajiye a tsakiyar ƙauyen da yara ke kwana da fura tsarara. Ba na zargin kowa da mugun nufi, domin abin da ya bayyana shi ne babu wanda ya taɓa rubuta abin da za a yi da kayan kantin idan makaranta ta rufe bagatatan, kuma ma'aikacin da ba shi da takarda a hannu ba ya motsi.

Ranar rabon kanta kuwa an yi ta da tsari, kuma dole in yaba. An zana da'irori da toka a filin makaranta domin kowace mace ta tsaya a tata, an ajiye bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa, ana kiran suna daga rajista, uwa ta matso da buhunta da galan ɗin manta, a auna a gabanta, ta dangwala yatsa. Ba a yi turereniya ba, ba a tauye mudu ba, kuma ƴan kojes sun tsaya har aka sallami ta ƙarshe. Matsalar ta fara ne bayan buhun ya shiga gida.

Na tambayi ɗaya daga cikin matan da ke girki a kantin, dattijuwa ce mai jikoki a makarantar, na ce, “Inna, abincin nan kuwa yaran da aka rubuta sunansu ne ke cin sa?” Ta ce, “Malam, kai ma ka san amsa. Ta yaya zan dafa shinkafa in ba wa wannan in ce wancan ya kau da kai don ba a rubuta shi a lakkwal ba? Tukunya ɗaya ce a gidan.” Maganarta ita ce gaskiyar lamarin. Rabon da aka lissafa zai kai yaro ɗaya wata guda ko fiye, idan ya faɗa gidan mutum goma sha biyu, ƴan kwanaki yake yi. Wasu gidajen sun sayar da man ko shinkafar suka sayi hatsi, domin kuɗin tiyar shinkafa yana sayen hatsin da ya fi ta yawa, kuma uwar da ke lissafin kwanaki ba za a ce ta yi wauta ba. Sai dai da man ya fita daga gidan, bitamin ɗin da aka yi niyyar ya shiga jikin yaron ya fita tare da shi. Saboda haka rabon ɗanyen abinci ya taimaki iyali, kuma da babu gara ba daɗi, amma bai maye gurbin kantin ba, domin abin da ya bambanta kantin da kowane irin tallafi shi ne a gaban idon malami lomar ke shiga bakin yaron da aka nufa. Idan haka ta kasance a ƙauyen da ke kusa da babbar hanya, to makarantun makiyaya na wajen Tanut da Gure, inda yara kan bi iyayensu da dabbobi da zarar an sallame su, sun fi mu wahalar isarwa nesa ba kusa ba.

An sake buɗe makarantu ranar 1 ga Yuni, bayan kimanin mako goma. Malaman makarantarmu sun shaida mini, ni ma na gani, cewa yaran da suka dawo ba su ne waɗanda suka tafi ba: wuyan riga ya yi wa wasu yawa, gashin wasu ƙanana ya yi ja ya yi laushi, kuma kafin ƙarfe goma sha ɗaya kawuna sun fara kwanciya a kan tebur. Ba wanda ya zo da ma'auni ya auna su, domin kamar yadda na faɗa, shekarunsu sun wuce na awo, don haka asarar da suka yi ba ta shiga kowane littafi ba. Wasu kuma ba su dawo ba sam. Samari sun bi iyayensu gona domin damina ta kusa, ƴan mata da dama sun kama talla ko aikatau, kuma a ƙasar da kusan mata uku cikin huɗu ake yi musu aure kafin shekara 18, yarinyar da ta bar aji na ƴan watanni tana iya barinsa har abada. Uba da yawa da ya bar ƴarsa a makaranta, abincin rana yana cikin dalilansa, kuma da dalilin ya gushe sai shawararsa ta sauya. Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne aji ya riga tukunya dawowa, domin kayan mangaza an rabar, sababbi kuma ba su iso ba sai da karatun ya yi nisa.

Idan aka kwatanta da wasu ƙasashe, rufewarmu gajeriya ce. A Yuganda sai a watan Janairu na 2022 aka buɗe makarantu gaba ɗaya, bayan kusan shekara biyu. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda wasu ƙasashe suka yi saurin warware matsalar da ta tsayar da mu. A Brazil, tun a watan Afrilu na 2020 aka yi dokar da ta halatta raba kayan abincin makaranta ga iyaye a lokacin rufewa. A Indiya, Kotun Ƙoli da kanta ta ɗauki maganar abincin rana na ɗalibai a watan Maris na 2020, ta nemi jihohi su bayyana yadda za su ci gaba da ciyar da yaran. A waɗannan ƙasashe abincin makaranta haƙƙi ne da doka ta rubuta wa yaro, kuma daga baitulmalin ƙasa kuɗinsa ke fitowa. A ƙasashe matalauta kuwa kaso mai yawa na kuɗin daga masu ba da agaji yake zuwa, shi ya sa farfaɗowar ma ta bambanta. Alƙaluman PAM sun nuna yara miliyan 388 ne ke cin abincin makaranta a duniya kafin annobar, zuwa 2022 adadin ya kai miliyan 418, amma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi bai koma ko matsayinsa na da ba, kuma a lokacin yaro ɗaya ne cikin biyar a can, ko ƙasa da haka, ke samunsa. Wuraren da abincin ya fi muhimmanci ga rayuwar yaro su ne wuraren da ya fi ƙaranci.

Akwai wani abu da korona ta sa na lura da shi, wanda ya daɗe a gabanmu. Kowace shekara ana rufe makarantun Nijar daga Yuli zuwa Satumba, kuma waɗannan watanni su ne ainihin lokacin yunwa, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka yi yawa, gadajen masu tamowa suka cika a likita. Ma'ana, abin da ya tayar wa duniya hankali a 2020 yana faruwa da yaran ƙauyenmu duk damina, sai dai an saba da shi har ba a ganinsa. A 2020 rufewar biyu suka kusan haɗewa, bazara babu kantin, ƴan makonni na karatu, sannan damina babu kantin. Shirin da ke ciyar da yaro a watan Nuwamba, lokacin da kowane rumbu ke cike, ya kuma sake shi a watan Agusta, yana bukatar a sake duba kalandarsa.

Gyaran da nake gani ba ya bukatar sabon gini. A rubuta tun yanzu, a miƙa wa kowane darakta da kowane kojes, cewa idan makaranta ta rufe saboda annoba ko ambaliya ko rashin tsaro, suna da izinin buɗe mangaza cikin mako guda. A bar matan girki su ci gaba da dafawa ko da babu karatu, yara su zo rukuni-rukuni da kwanoninsu, su ci a filin makaranta a tazarce ko su karɓa su koma, domin dafaffen abincin da aka zuba wa yaro a kwanonsa ya fi ɗanye isa gare shi. Inda dole sai rabon gida, a haɗa da garin kunu mai ƙarin sinadarai, wanda a al'adarmu an san na yara ne, manya ba su cika sa masa hannu ba. A kuma auna nauyi da tsayin ɗalibai a farkon shekara da ƙarshenta, aikin da malami ɗaya da sikeli ɗaya za su iya.

Ga iyayen da ke tunanin ko ya dace su sa yaro a makarantar da ke da kantin, amsata ita ce ya dace ƙwarai, kuma su shiga kojes su nemi ganin littafin mangaza, domin haƙƙinsu ne. Ga masu ɗaukar nauyin shirin kuma, ina tunatar da su cewa a Yamai aka yi bikin farko na Ranar Ciyar da Ɗalibai ta Afirka, ranar 1 ga Maris na 2016, kuma manufar da Tarayyar Afirka ta sa gaba ita ce a ciyar da yara da abin da manoman yankinsu suka noma. Idan aka ba kojes kuɗi a watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin kaka da tiya ke araha, zai iya sayen hatsi da wake da gyaɗa daga ƙungiyoyin manoman ƙauyen, ya ware wani kaso a mangaza musamman domin watannin Yuli da Agusta, ba sai an jira motar da za ta taso daga nesa a kan hanyar da ruwa ya yanke ba.